Ƙurungu mai ɗigo-ɗigo a tankin gilashi: amsa ga mai tambaya daga Katsina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Ƙofar Ƙaura nake, cikin birnin Katsina. Na sayi wani ɗan kifi mai gashin baki, jikinsa duk ɗigo-ɗigo baƙaƙe, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, na saka shi a tankin gilashi mai cin lita 40 tare da wasu ƙananan kifaye masu launi. Mai sayarwa ya ce ɗan'uwan tarwaɗa ne, ba ya saurin mutuwa, kuma shi zai riƙa share mini dattin tanki. To yini yake a ɓoye, wani lokaci in same shi a kife cikinsa sama. Ranar da na kama shi da raga ya maƙale har yana ƙara. Ƙananan kifayen kuma sun fara raguwa. Ga bazara na tafe, ga wuta ba tabbas. Lafiyarsa lau kuwa? Yaya zan riƙe shi ya rayu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, kifinka lafiyarsa lau. Ɓuya da rana, kwanciya a kife, ƙara idan an kama shi, har da ɓacewar ƙananan kifayen, duk halin ƙurungu ne mai ƙoshin lafiya. Abin da ke buƙatar gyara shi ne tankin, da kuma maganganun nan biyu da mai sayarwa ya faɗa maka, domin su ne suka fi kashe wannan kifi a gidajenmu.

Ƙurungu ne dai irin wanda masunta ke fitowa da shi daga dam-dam ɗinmu, amma danginsa suna da yawa. A kimiyyance sunan jinsin Synodontis, akwai iri fiye da 130, kuma dukkansu 'yan Afirka ne. Masu ɗigo-ɗigo da ke zagayawa a hannun masu sayar da kifin ado kaɗan ne, kuma sanin wanda ke hannunka shi zai nuna maka girman tankin da za ka nema. Idan yana ƙarami jikinsa ya fi kama da zane-zane masu lanƙwasa, sannan yana girma zanen na rarrabewa yana komawa ɗigo, fiffiken bayansa kuma dogo mai zare-zare, wannan Synodontis eupterus ne. Shi ya fi yawa a kasuwa, ɗan kogin Neja ne da Bolta da yankin tafkin Chadi da Farin Nilu, kuma yana kai santimita 20 ko fiye. Idan ɗigon manya ne, zagayayyu, a kan jiki mai haske, Synodontis ocellifer ne, shi ma namu ne na Afirka ta Yamma, yana kai wannan girman har ya wuce. Idan jikin ruwan ƙasa ne mai duhu da ƙananan ɗigo har a kan fikafikai, Synodontis nigrita ne. Akwai kuma ɗan ƙarami na kogin Kwango, Synodontis nigriventris, wanda bai cika wuce santimita 10 ba, cikinsa ya fi bayansa duhu saboda kusan duk rayuwarsa a kife yake yinta. Na ƙarshe shi ne na tafkin Tanganyika, Synodontis multipunctatus, mai manyan idanu da farin baki-baki a fikafikansa. Ka lissafa da cewa naka ɗaya ne daga cikin ukun farko, domin su ne masu arha, kuma sau da yawa ana sayar da su da sunan ɗan ƙaramin na Kwango.

Kifewar ba ciwo ba ce. Yawancin ƙurungu suna son manna cikinsu da ƙasan itace ko dutse suna kalatar abin da ya maƙale a wurin, wasu kuma suna iyo a haka don cin abin da ke saman ruwa. Tsoffin Misirawa ma sun zana wani irinsa na kogin Nilu a kife a bangon kaburburansu. Yadda za ka bambanta: mai lafiya in ka jefa abinci zai juya ya sheƙa a guje. Mara lafiya kuwa za ka gan shi yana yawo a saman ruwa ciki a kumbure, yana son nutsewa ya kasa.

Yanzu maganar tarwaɗa. Gaskiya ne dangi ɗaya suke ta fuskar gashin baki da rashin ɓawo a jiki, amma akwai bambanci guda wanda a Katsina shi ne rai da mutuwa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa mai rassa a cikin kanta, sama da wurin numfashinta, wadda take shaƙar iskar sarari da ita kai tsaye. Shi ya sa za ka ga an cika baho da ita a kasuwa, ruwa ɗan kaɗan, rana na duka, tana nan da ranta har yamma. Ƙurungu ba shi da wannan gaɓa. Duk iskar oksijin da zai samu sai wadda ta narke a cikin ruwa. Ruwa kuma yana ƙara zafi iskar da zai iya riƙewa tana raguwa: a digiri 20 lita guda tana riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 ta sauko wajen 7 da rabi, a digiri 35 kusan 7. Wannan lissafin ruwa ne mai tsabta da ya ƙoshi da iska. Na tanki mai kashi da ragowar abinci bai kai haka ba, domin ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da dattin su ma iskar suke sha. A lokaci guda kuma zafi yana hanzarta jikin kifin, sai buƙatarsa ta iska ta ƙaru daidai lokacin da take ƙarewa. Ka haɗa wannan da watan Afrilu ko Mayu, zafin gari ya kai digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin, an ɗauke wuta tun magariba, famfo ya tsaya, ruwa ya kwanta cik. Da asuba sai a tarar da babban kifin, wanda ya fi kowa ƙiba, shi ya fara mutuwa, a ce ai jiya lafiya lau aka kwanta da shi. Ba cuta ba ce, shaƙewa ce.

Don haka abin da zan fara sa ka saya, kafin fitila mai launi da furannin roba, shi ne famfon iska wanda ba ya dogara da wutar gari. Wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba, wat 3 zuwa 5. Akwai mai batirin caji a ciki wanda ke ci gaba da aiki da kansa in an ɗauke wuta, akwai kuma wanda ake jonawa da batirin cajin waya. In kana da sola a gida, ka ba shi layi nasa. Ka haɗa shi da matatar soso, wato soson nan da ake nutsarwa a tanki kumfar iska na jan ruwa ta cikinsa. A ganina, a garin da wuta ke zuwa tana tafiya, matatar soso ta fi manyan matatun nan masu tsada da ake ajiyewa a wajen tanki. Dalili kuwa, babbar matata rufaffiya in ta yi sa'o'i da yawa ba ruwa na ratsa ta, iskar cikinta ta ƙare, bakteriyar ciki su fara mutuwa, ruwan ya ruɓe. Wuta na dawowa sai ta kwararo wannan ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki. In kana da irinta kuma wuta ta kwana ba ta dawo ba, ka cire ta daga soket, ka zubar da ruwan cikinta, ka ɗauraye soson da ruwan tanki kafin ka kunna.

Ranar da komai ya ƙi, ba wuta ba caji, hannunka ma famfo ne. Ka ɗebi ruwan tankin da moɗa, ka ɗaga sama ka tsiyaya shi ya faɗo yana kumfa, ka yi ta yi na 'yan mintuna, ka maimaita lokaci-lokaci. Iska ta saman ruwa take shiga, don haka duk abin da zai motsa saman yana taimako. Alamar da za ta tashe ka tsaye ita ce ganin ƙurungu da rana tsaka ya bar maɓoyarsa ya hau sama, gefen kansa na bugawa da sauri. Kifin da ke ƙin haske ba zai yi haka don nishaɗi ba.

Zafin da ya dace da shi digiri 23 zuwa 28 ne. Zai jure 30 in iska ta wadata, amma daga nan sama kana wasa da ransa. Ka sayi ma'aunin zafi na cikin ruwa, kada ka dogara da tsoma yatsa. Tankin ya zauna a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga, nesa da bangon da ranar yamma ke duka. A nan bushewar iskar Katsina tana yi mana rana: in ka ɗaga murfi ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, tururin da ke tashi yana iya sauke zafin da digiri 2 ko 3, musamman a Maris da Afrilu kafin iska ta jiƙe. Sai ka shimfiɗa raga mai ƙananan idanu a bakin tankin, don ƙurungu yana tsalle da dare. Ƙanƙara kuwa, kada a jefa ta tsirara. A daskarar da ruwa a gorar roba, a rufe, a sa ta yi iyo a sama, kuma kada a sauke zafin fiye da digiri 2 a tashi guda. A kwanakin tsananin zafi ka rage abinci zuwa rabi, ka bar fitilar tanki a kashe. Kifi mai lafiya ba ya mutuwa don ya kwana biyu bai ci ba, amma narkar da abinci yana cin iska.

Tankinka na lita 40 masauki ne na 'yan watanni. Ga ƙurungu ɗaya daga cikin manyan nan uku, ka nemi mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 45, wanda zai ci lita 240 da ɗoriya. In aljihu bai kai ba, mai santimita 90 da 40 da 40, kusan lita 140, zai riƙe shi na wani lokaci. Faɗin ƙasa ya fi tsayi amfani, don kifin ƙasa ne, kuma faɗin saman ruwa shi ne ƙofar iska. Babban ruwa yana da wata fa'ida da ta dace da mu: ba ya saurin ɗaukar zafi da rana, ba ya saurin hucewa da daren hunturu. Masu aikin gilashi na gari suna iya haɗa maka. Ka ce gilashi mai kaurin milimita 10 kake so ga babban, da ɗamara a sama, da gam ɗin silikon zalla wanda ba a sa masa maganin hana fumfuna ba, domin na banɗaki da kicin yana ɗauke da guba ga kifi. A bar shi ya bushe kamar mako guda, a cika shi da ruwa a tsakar gida a gwada yoyo kafin a shigar da shi ɗaki. Kowace lita kilo guda ce, ka ga da yashi da gilashi ka doshi kilo 300. Teburin falo ba zai ɗauka ba, sai benci na ƙarfe ko ginin bulo, a daidaita shi sosai, a shimfiɗa farin soson kwali a ƙarƙashin gilashin.

Sabon tanki ba a cika shi yau a zuba kifi gobe. Kifi yana fitar da amoniya ta numfashi da kashi, kuma guba ce. Wasu bakteriya ne ke mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, mai sauƙin illa, wadda canjin ruwa ke fitarwa. Waɗannan bakteriya a jikin soson matata da yashi suke zama, kuma kafin su yi yawan da za su iya aikin sai an yi mako 4 zuwa 6. Kai kana da gajeriyar hanya: ka sa sabon soson ya yi aiki a tsohon tankinka na mako biyu ko uku, sannan ka ɗauke shi da kifin gaba ɗaya zuwa sabon. Daga nan kada ka taɓa wanke soson da ruwan famfo ko sabulu. Matse shi za ka yi a bokitin ruwan da ka cire daga tanki. Masu wanke tanki tas duk ƙarshen wata, su goge komai ya yi ƙal, su ne kifinsu ke mutuwa bayan kwana uku suna mamaki.

Ruwan da za ka yi amfani da shi ya danganta da unguwa. Na famfo, wanda ke zuwa daga matatar Ajiwa, ruwan sha ne da ake sa wa kulorin, kuma kulorin yana ƙona gaɓar numfashin kifi yana kashe bakteriyar matata. Ka tara shi a buɗaɗɗen baho ya kwana ya yini, in da hali da kumfar iska a ciki, ko ka ɗiga masa maganin cire kulorin da masu kayan kifi ke sayarwa. Na burtsatse ba shi da kulorin, amma yana fitowa daga ƙasa da ƙarancin iska, wani kuma da ƙarfe a ciki wanda za ka ga ya yi ja-ja in ya kwana. Shi ma a bar shi ya kwana. In daga 'yan garuwa kake saye, ka tsaya kan mutum ɗaya da rijiya ɗaya, kuma ka tabbata jarkar ba ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ko maganin feshi ba. Ƙurungun kogunanmu ba mai tsirfa ba ne wajen ruwa, ma'aunin pH, wato awon tsami ko kanwa-kanwar ruwa, daga 6.5 zuwa 7.8 duk ya yi masa. Kada ka shiga zuba magunguna don canza shi. Ruwan da pH ɗinsa bai canzawa ya fi ruwan da ake ta gyarawa. Abu ɗaya dai ka sani: in ruwan rijiyarku mai kanwa-kanwa ne, pH ɗinsa ya kai 8, kason amoniya mai guba ya ninka na pH 7 kusan sau goma, zafi kuma yana ƙara shi. Mai irin wannan ruwa ba shi da damar sakaci da abinci ko canjin ruwa.

Duk mako ka cire kashi ɗaya cikin huɗu, kana zuƙo dattin ƙasa da tiyo. A babban tankin jarka biyu ke nan zuwa uku masu lita 25. Ƙara ruwa don cike wanda ya tashi da zafi ba canji ba ne, domin ruwan kawai ya tafi, gishirin da dattin suna nan suna taruwa. In ka ji tanki ya fara wari, ruwa ba ya tsami banza: nemi mataccen kifi ko abincin da ya maƙale a bayan dutse.

Sai maganar share datti. Kifinka ba ya cin kashin kifi. Ƙurungu yana tsintar abincin da ya faɗi ƙasa, shi ke nan, kuma shi kansa yana cikin masu yawan ɓata ruwa. Wanda aka bar shi da ragowar wasu kawai zai rame, ko ya koma kan maƙwabtansa, kamar yadda naka ya fara. Ka ba shi nasa abincin bayan an kashe fitila, mai nutsewa. A daji yana cin tsutsotsin ƙwari, ƙananan dodon koɗi, gansakuka da ganyen da ya ruɓe, don haka ka riƙa gauraya masa. Tana da aka wanke tana da kyau ƙwarai, haka shinge da farkon damina, haka ɗan jatan lande da aka jiƙa aka wanke gishirinsa. Sau ɗaya ko biyu a mako ka nutsar masa da yankin kokwamba ko kabewa ko ganyen alayyafo da aka ɗan tafasa, ka cire ragowar da safe. Abincin tarwaɗa na masu kiwo zai ci, amma an yi shi ne don kifi ya yi ƙiba cikin 'yan watanni a kai shi kasuwa. Ga kifin da kake so ya shekara goma, ka jiƙa 'yan ƙwayoyi kaɗan su nutse, kada ya zama shi ne kullum. Tuwo da burodi da shinkafa, waɗanda yara ke son jefawa, ɓata ruwa kawai suke yi. Ka yi wa yaran gida bayani, ko ka ba ɗaya daga cikinsu aikin ciyarwa da awo, sauran su san akwai mai shi. Abin da bai cinye cikin 'yan mintuna ba ya yi yawa. Ƙurungu maƙoshi ne, zai ci har cikinsa ya yi tulu in ka biye masa.

A ƙasan tanki ka zuba yashin rafi mai laushi, a wanke shi har ruwan ya fita garau, kaurin yatsa biyu ya isa. Tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin bakinsa, da shi kuwa yake laluben abinci a duhu. Maɓoya wajibi ce, kuma abin mamaki, ƙurungun da ke da wurin ɓuya da yawa shi ya fi fitowa a gan shi. Sabuwar ƙaramar tukunyar ƙasa da aka kwantar, ko guntun bututun roba mai faɗi, duk sun yi, in dai ramin ya fi kifin faɗi sosai, don kada ya buɗe ƙayoyinsa a ciki ya kasa fita. Wajen itace ka yi hattara. Kada ka kusanto da aduwa, domin ɓawonta da 'ya'yanta suna da sinadarin da ke kashe kifi. Haka bedi, da duk mai farin ruwa irin tumfafiya da tinya. Busasshen itace mai tauri da ya daɗe da mutuwa, a ɓare shi, a tafasa, a jiƙa shi har ya nutse da kansa.

Raga kuwa ka ajiye ta. Ƙurungu yana da ƙaya uku masu ƙarfi, ɗaya a baya, biyu a gefe, na gefen masu haƙora ne, kuma in ya tsorata yakan buɗe su ya kulle kamar an zura sakata. Ƙarar da ka ji gugar gindin ƙayar gefen ce a cikin gurbinta. Da roba ko kofi mai faɗi ake kama shi, a kora shi ciki a ɗago da ruwansa. In ya riga ya maƙale a raga, ka mayar da su cikin ruwa tare ka bar shi ya saki da kansa. In ya ƙi, ragar za ka yanka, kada ka ja. Sukarsa tana da zafi fiye da girman raunin. A wanke, a tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta jure, in ya kumbura ko an daɗe ba a yi allurar tetanus ba a je asibiti.

Ƙananan kifayenka da dare yake tsince su suna barci, duk wanda ya shiga bakinsa halal ne a wurinsa. Ka raba su tun yanzu. Abokan zamansa su zama masu matsakaicin girma da ke yawo a tsakiya da saman ruwa. Kifin zinaren nan da ake sayarwa a kwalba bai dace ba, shi ruwan sanyi ya fi so, kuma ƙurungu kan tsotsi jikinsa da dare. Tarwaɗa za ta yi girma ta haɗiye kowa. Karfasa tana tone yashi, tana faɗa lokacin ƙwai, sai tanki babba. Ƙurungu biyu manya a ƙaramin wuri ɗaya zai hana ɗaya sakat; ko ɗaya tilo, ko da yawa a tanki mai faɗi kowa da raminsa. Ɗan ƙaramin na Kwango ne kawai ke son zaman taro, biyar ko shida.

Hunturu shi ma da nasa. A Disamba da Janairu daren Katsina yana saukowa ƙasa da digiri 15, ƙaramin tanki ya huce da asuba ya ɗumama da rana, kuma wannan hawa da sauka ne ke buɗe ƙofa ga cutar farin ɗigo. Za ka ga ƙananan fararen ƙwayoyi a jiki da fikafikai, kifin yana goga jikinsa da dutse. Hita mai kashe kanta, a saita ta a digiri 25, tana maganin abin, a sa mata kariya don ƙurungu yana son lafewa a jikinta ya ƙone. In ba wuta, ka lulluɓe tankin da bargo da dare, ka bar kafar iska. Murfi kuma zai tare ƙura. In cutar ta kama, a ɗaga zafi a hankali zuwa 29 ko 30, a ƙara iska, a yawaita canjin ruwa. Kifi mara ɓawo magani yana ratsa shi da sauri, don haka magungunan farin ɗigo masu launin kore ko shuɗi rabin awo ake fara ba shi, masu jan ƙarfe a ciki kuwa a guje su. Kada a ɓare kafso na mutane a zuba a tanki: bakteriyar matata zai kashe, ya bar ka da amoniya.

Akwai mai kisan da ba a cika zarginsa ba, maganin sauro. Fiya-fiya, da na gwangwani da ake fesawa, da na igiya da ake kunnawa, duk guba ne mai ƙarfi ga kifi, kuma famfon iska zai zuƙe shi daga ɗaki ya tura cikin ruwa. Ɗakin da tanki yake a bar shi da gidan sauro da ragar taga. In dole sai an yi feshi, a kashe famfon, a rufe tankin ruf da leda da jiƙaƙƙen zane, a buɗe tagogi iska ta wanke ɗakin kafin a kunna, kuma kada a yi haka a daren zafi. Turaren wuta mai yawa ma a nisanta shi. Hannun da ke da man shafawa ko sabulu a ɗauraye shi da ruwa zalla kafin a tsoma, bokiti da tiyon tanki kuma kada su shiga aikin wanki.

Wataƙila nan gaba ka yi sha'awar ƙaro wani daga wurin masuntan Zobe ko Jibiya ko Ajiwa, ko Sabke da Daberam ga mutanen Daura. Ana yi, kuma kifin ya riga ya saba da yanayinmu. Ka roƙi wanda aka kama da birgi, wato ragar jifa, ko homa, ƙarami. Wanda ya kwana a kalli, ragar nan da ake kafawa cikin ruwa, ko ya haɗiyi ƙugiya da wuya ya yi rai, ƙayoyinsa sun karye, fatarsa ta saɓule. A ɗauko shi da sassafe a bokiti mai murfi, ba a leda ba don zai huda ta. Ya yi mako 3 zuwa 4 shi kaɗai a wani mazubi kana duba shi, saboda kifin dam yakan zo da ƙwarƙwatar kifi da tsutsotsi masu maƙalewa a fata. Tsohon tankinka na lita 40 ya dace da wannan aiki, kada ka sayar da shi. Ka kuma sani wasu ƙurungun kogi suna kai santimita 40, kuma wanda ya fi ƙarfin tankinka, musamman baƙon iri da aka shigo da shi daga wata ƙasa, ba a kai shi dam a saki. A nemi mai babban tanki a ba shi.

Haihuwa a tanki kada ka sa rai. Na kogunanmu da damina suke zuba ƙwai, lokacin da ruwa ya yi ambaliya ya shiga ciyayi, kuma masu samar da su don kasuwa allurar sa ƙwai suke yi musu, irin yadda ake yi wa tarwaɗa. Ta wannan hanya ne ma ake haɗa iri biyu a fitar da barbarar da ɗigonta bai dace da kowane bayani ba. Na Tanganyika ne ya fita daban: yakan jefa ƙwansa cikin na wasu kifaye masu renon ƙwai a baki, uwar ta kwashe duka, 'ya'yansa su riga ƙyanƙyashewa su cinye nata a cikin bakinta. Wani masani ɗan Japan, Tetsu Sato, shi ya bayyana wannan a 1986. Naka dai, in ka gyara masa iska da wurin zama, shekara 10 zuwa 15 ba abin mamaki ba ne, don haka tun wajen zaɓen inda za a gina bencin ka yi shawara da uwargida.